Gangar famfonmu ta ruɓe a gefen walda: laifin kabon ne?

Tambaya: Ni ne mai kula da gyaran injuna a wata masana'antar jima a Kano. Muna da famfo mai tura ruwan tsamin da ake jiƙa fata, gangar jikinsa ta zubi ce ta ƙarfe marar tsatsa, an rubuta CF8M a kanta. Bara ta ɗan tsage a wajen wuya, mai waldarmu ya cike wurin da sandar 316L. Yau wata bakwai, ga shi tana tsatsafo, kuma ba a kan waldar ba, a gefenta, in an kankare wurin sai ya riƙa marmashewa. Dillali ya kawo mana farashi biyu, CF8M da CF3M, ya ce kabon ne kawai bambancinsu. Ɗan wannan bambanci ya isa ya jawo haka? Rage kabon ba zai rage wa ƙarfen ƙarfi ba? Sannan mayen ƙarfe yana ɗan kama gangar, ko dai jabu aka sayar mana?

Amsa:

Injiniya, sannu da fama. Bari in fara kwantar maka da hankali a kan abu ɗaya: kamun da mayen ƙarfe yake yi wa gangar ba shaidar jabu ba ce, haka zubin CF8M na gaskiya yake, zan zo kan dalilin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka shi ne inda ruwan ya ɓullo. Walda lafiya lau, gefenta ya ruɓe, ƙarfen yana marmashewa. Duk wanda ya daɗe a harkar zubi in ya ji wannan siffa, kabon zai fara tuhuma tun kafin ya ga kayan.

Mu fara da rubutun da ke jikin gangar, domin shi kansa bayani ne. Wannan tsarin suna na Amurka ne, shi ne ake bi a ƙa'idojin ASTM, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin kayan masana'antu, irin su A351, A743 da A744. Harafin farko, C, yana nufin an yi zubin ne don jure cin ruwa da sinadarai. Da H ne a wurin, da don jure zafin wuta aka yi shi, daga digiri 650 zuwa sama. Harafi na biyu yana nuna inda haɗin ya tsaya a tsakanin kuromiyam da nikel, F kuwa shi ne dangin da ke da kuromiyam wajen kashi 19 cikin 100 da nikel wajen 9. M na ƙarshe molibdinam ne, kashi 2 zuwa 3. Lambar tsakiya ita ce ta kabon: 8 tana nufin kada ya wuce kashi 0.08 cikin 100, 3 kuma kada ya wuce 0.03. Wato CF8M shi ne ɗan'uwan 316 a zube, CF3M na 316L, kamar yadda CF8 yake na 304, CF3 kuma na 304L. Waɗannan lambobi sunayen ƙarfe marar tsatsa ne da ake murzawa a yi faranti da bututu, L ɗin kuma alamar ƙarancin kabon ce. To dillalinka bai yi ƙarya ba.

Ka ƙaddara zubin ya kai kilo 100, nauyin buhun siminti biyu. Kabon da ke cikin CF8M, in ya kai maƙura, giram 80 ne. Na CF3M giram 30. Bambancin giram 50, kusan nauyin ƙwan kaza ɗaya. Shi ya sa ban ga laifinka ba da ka yi shakka. Amma ƙwan nan ɗaya ba a warwatse yake yin ɓarna ba, wuri ɗaya yake taruwa.

Abin da ke hana wannan ƙarfe tsatsa kuromiyam ne. In ya kai aƙalla kashi 10.5, yakan haɗu da iskar da ke kewaye ya yi wata 'yar fata a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani, in an karce ta kuma ta sake toho da kanta. Sharaɗin shi ne kuromiyam ɗin ya kasance a sake, a narke cikin ƙarfen, a kowane lungu. Inda ya yi ƙaranci, fatar ba ta fitowa, ko da maƙwabcin wurin yana da shi har da rara.

Shi kuma ƙarfe, in ka goge shi ka ɗiga masa asid ka duba a madubin ƙara girma, za ka ga ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙwayoyi ne manne da juna kamar duwatsun daɓe, kowace da iyakarta. A zafin digiri 1050 zuwa sama, kabon na 0.08 yana narkewa tsaf cikin ƙwayoyin, kamar sukari a ruwan shayi mai zafi. Da zafi ya sauko, abin da ƙarfen zai iya riƙewa ba ya wuce wajen 0.02 zuwa 0.03. Ragowar tana neman mafita. In an sanyaya ƙarfen da sauri, ba ta samun damar motsi, sai ta daskare a inda take, ba ta cutar da kowa. In kuwa ƙarfen ya zauna a tsakanin digiri 425 da 870, musamman wajen 650 zuwa 750, to ragowar kabon ɗin takan gudu zuwa iyakokin ƙwayoyi ta kama kuromiyam, su zama wani abu mai tauri da ake kira kabaid na kuromiyam. Ba kabaid ɗin masu waldar gas ba ne, ba kuma wanda ake nuna ayaba da shi ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. A cikinsa ƙwayar zarra 23 ta ƙarfe, galibinsu kuromiyam, ke raka 6 ta kabon. In ka auna da nauyi, kowane giram ɗaya na kabon yana iya ɗaure giram 16 da ɗoriya na kuromiyam.

Yi lissafin da kanka. Ragowar kabon 0.06 sau 16, kusan kashi 1 ke nan na kuromiyam. A cikin 19, me aka yi? Da daga ko'ina ake ɗebo shi, da babu wata damuwa. Matsalar ita ce kabon ƙaramin abu ne, yana ratsa ƙarfe kamar ɗan acaɓa a cunkoson kasuwa, daga tsakiyar ƙwaya yake tahowa har bakin iyaka. Kuromiyam kuwa tirela ce. Wanda ke daf da iyakar kaɗai ake kwashewa, na ciki bai iso ya cike gurbin ba. Sai a samu wani ɗan siririn zare a kowane gefen iyaka, faɗinsa bai kai kaurin gashi ba ko kusa, inda kuromiyam ya faɗo ƙasa da abin da fatar nan ke buƙata. Wannan zaren ba marar tsatsa ba ne kuma. Ruwan tsami yana zuwa sai ya bi shi, ya cinye abin da ya riƙe ƙwayoyin, ya bar su tsaye ba mai riƙe da wani. Shi ne marmashin da ka gani, kamar tsakin masara. In ka ɗauki guntun da ya ci sosai ka ƙwanƙwasa, ba zai yi amon ƙarfe ba, wata irin ƙara zai yi ta fasasshen kasko. In ka lanƙwasa shi kuma ya tsattsage.

Yanzu ka ga dalilin da ya sa waldar ta tsira. Sandar 316L kabon ɗinta kaɗan ne, kuma narkakken wurin yana hucewa da sauri. Ƙarfen da ke manne da waldar ya yi zafin da ya wuce na haɗarin, ya ratsa shi a guje. Can nesa kuma zafin bai kai ba. Amma akwai wani layi, 'yan milimitoci daga bakin walda, inda zafin ya tsaya daidai a wannan tsakani ya ɗan jima. Nan ne kabaid ya fito, shi ya sa ruɓewar take bin gefen walda kamar an ja ta da alli. Mai waldarku ya zaɓi sanda mai kyau, sai dai sanda ba ta sauya kabon da ke cikin gangar. In kuma ya yi ta zuba walda layi bisa layi bai bari ta huce ba, ko ya fara gasa wurin da wutar gas kamar yadda ake yi wa kas, wato baƙin ƙarfen zubi mai yawan kabon, to ya ƙara wa Barno dawaki.

A nan ne lambar 3 take da amfani. Ƙarfe mai kabon 0.08 cikin 'yan mintuna yake kamuwa a wannan zafi, walda ɗaya a kan kauri ta isa. Mai 0.03 kuwa sai ya shafe awoyi da yawa kafin kabaid ya yi yawan da zai cutar, saboda ragowar kabon da za ta fita kusan babu. Rage kabon bai kashe cutar ba, jinkirta ta ya yi har ta wuce tsawon lokacin walda. Don haka aka ƙirƙiri CF3 da CF3M: kayan da za a yi wa walda a wurin aiki, ba tare da an sake mayar da su tanderu ba. Akwai wata dabarar, ita ce a zuba niyobiyam, aƙalla ninki 8 na kabon, ya riga kuromiyam kama shi. Wannan shi ne CF8C. A ƙarfen da ake murzawa akan yi haka da titaniyam, wato 321, amma a zubi ba a cika yi ba, don titaniyam yana ƙonewa a iska tun kafin ruwan ƙarfen ya shiga mazubi.

Akwai abin da ya keɓanta da zubi wanda masu saye ba su cika lura da shi ba. Faranti ko bututu daga masana'anta yake fitowa a gyare. Zubi kuwa, bayan an zuba shi, a cikin yashi yake kwana yana hucewa a hankali, mai kauri yakan shafe awoyi a cikin wannan zafi na haɗari. Wato duk zubin CF8M da aka fasa mazubinsa, da cutar a jikinsa yake fitowa. Abin da ke warkar da shi shi ne a sake mayar da shi tanderu, a kai shi aƙalla digiri 1040, a bar shi har zafin ya ratsa kaurinsa kabaid ya narke, sannan a fizgo shi a tsunduma a ruwa ba tare da ɓata lokaci ba. Ƙa'idojin A351 da A744 sun wajabta wannan har ga CF3M. Gidan zubin da ya yi ƙwauron wuta, ko ya bar kaya suna jan ƙafa tsakanin bakin tanderu da kwatamin ruwa har jansu ya dushe, ko ya yi waldar cike ramuka bayan gashi bai sake gasawa ba, zai ba ka kaya masu sinadari daidai a takarda amma a kamu. Ido ba ya bambance su.

Kuma don Allah ka ja kunnen yaranka a kan abu ɗaya. Ƙarfen gama-gari in an yi masa walda akan gasa shi a digiri 600 zuwa 650 don ya saki jiki. Wannan gashin a kan CF8M guba ne, kai tsaye ka kai shi inda kabaid ke fitowa, ba gefen walda kaɗai ba, gangar gaba ɗaya. Haka ma gasa shi da wutar gas har ya yi ja don a miƙe wani wuri ko a cire kusar da ta ƙi fita.

Sai batun ƙarfi. A faranti, gaskiya ne, rage kabon yana ɗan rage ƙarfi: 304 yana fara saki, wato miƙewar da ba ta komawa, a megafaskal 205 (ma'aunin ƙarfin ja ke nan), 304L a 170. A zubi abin ba haka yake ba. Ƙa'idar A351 ta ba CF8, CF3, CF8M da CF3M ma'auni ɗaya, 485 kafin tsinkewa, 205 kafin saki. Dalilin shi ne dai amsar tambayarka ta mayen ƙarfe. Farantin 316 kusan gaba ɗayansa wani tsari ne na ƙwayoyi da ake kira ostenait, wanda mayen ƙarfe ba ya kamawa. Zubi kuwa da gangan ake daidaita haɗinsa don a samu tsibirai na wani tsarin, ferait, galibi kashi 5 zuwa 20, a warwatse cikin ostenait. Ferait ɗin nan yana ƙara ƙarfi, yana hana zubin tsagewa lokacin da yake daskarewa da lokacin walda, kuma shi mayen ƙarfe ke kamawa. Ni in aka kawo mini zubin CF8M wanda maye bai ko motsa a kansa ba, shi ne zan tsaya in yi tambaya.

Kabon yana da hannu dumu-dumu a yawan ferait. Yana cikin masu goyon bayan ostenait, kuma a lissafin da Anton Schaeffler ya fitar a 1949 don masu walda, ana ninka kabon sau 30 a kan nikel. Wato ƙwan nan namu, 0.05, yana yin aikin nikel kashi 1.5. In ka rage kabon ba ka taɓa komai ba, ferait zai hau. Shi ya sa iyakar nikel ta CF3M ta kai 13 alhali ta CF8M ta tsaya a 12, don mai zubi ya sami abin cike gurbi. Nikel kuwa ba araha ba, wani ɓangare na ƙarin kuɗin da ka gani a kan CF3M ke nan. Ferait yana da wani alherin: kabaid yakan fi son fitowa a bakin tsibiransa, inda kuromiyam ya fi yawa kuma ya fi saurin motsi, don haka zaren ruɓewar yakan yanke maimakon ya zarce. Zubi ya fi faranti haƙuri a wannan fanni. Amma haƙurin yana da iyaka, gangarka shaida ce.

Sauran kuɗin daga wahalar riƙe kabon a ƙasa yake zuwa, kuma wannan na ɗanɗana ta. Yawancin ƙananan gidajen zubi da tanderun lantarki mai naɗin waya suke narki, shi kuwa tukunya ce kawai, abin da ka zuba shi za ka kwasa, ba ya cire kabon. A wani gidan zubi da na yi aiki ina matashi, tanderunmu na kilo 500 ne. Wata rana muna narka CF3M, lissafina a takarda ya nuna za mu fito a ƙasa da 0.03. Aka ɗebo samfur, aka goge, aka ɗora a na'ura, sai ga kabon ya haura 0.06. Na ce na'urar ce, aka sake, haka dai. Da muka bi diddigi, ashe a cikin tarin ƙarafan da aka sayo wajen 'yan gwangwan akwai wani murfin famfo na kas da aka yi wa fentin azurfa, yaron da ke loda tanderu ya jefa shi. Kas yana da kabon sama da kashi 3. Kilo 5 nasa giram 170 ne na kabon, a cikin kilo 500 ya ƙara 0.034, shi kaɗai ya cinye duk abin da ƙa'ida ta yarda da shi. Ba yadda za mu yi, muka juye narkin muka yi zubin CF8M da shi, muka sake sabon lale. Tun daga ranar ba na yarda a loda tanderu sai an bi kowane guntu da maye da garanda.

Kuma ba kas kaɗai ba. Man da ke jikin ɓarɓashin lata, fenti, ragowar narkin jiya da ta maƙale a bangon tanderu, duk kabon ne. Kuromiyam ɗin ma da kansa: wanda ya fi araha yana zuwa da kabon kashi 6 zuwa 8, mai ƙarancin kabon kuwa tsadarsa daban. Me zai hana a hura iskar oksijin a ƙone kabon ɗin kamar yadda ake yi wa ƙarfen gama-gari? Saboda kuromiyam ma yana ƙonewa, sai ka kori ɓarawo ka haɗa da mai gida. Wannan ce ta sa ƙarfe mai ƙarancin kabon ya daɗe yana da tsada, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da aka fara aiki da dabarar AOD a Amurka, wadda kamfanin Union Carbide ya ƙirƙiro. Ana gauraya oksijin da iskar argon, sai kabon ya riga kuromiyam ƙonewa. Yau gidajen zubi masu kyau ko suna da wannan tukunya, ko suna sayen ƙarfen da aka riga aka tace da ita. Da yawansu ma narki ɗaya suke yi a ƙasa da 0.03 su ba shi shaidar CF8M da CF3M gaba ɗaya, tunda lambar 8 iyaka ce ta sama, ba a ce sai an kai ta ba. Saboda haka in dillali ya tsuga maka bambanci mai yawa, ka taya.

Ko narki ya fito daidai, mazubi na iya ɓata shi. Yashin da ake ɗaurewa da ƙaron roba, da ruwan ƙarfe mai zafin sama da digiri 1500 ya taɓa shi, ƙaron yana ƙonewa ya saki kabon, fatar zubin ta sha. Sai ka samu cikin ƙarfen 0.03, amma milimita ɗaya ko biyu na sama ya ninka haka, kuma saman nan shi ke fuskantar ruwan tsami. Takardar shaida ba za ta nuna ba, don daga ludayin narki aka ɗebi samfurinta. Maganinsa shafen mazubi da ba na gawayi ba, irin na zakon, wani ma'adini mai jure zafi, ko zubin kakin zuma mai ɓawon yumɓu. Haka ma sandar gawayi da ake ƙwaƙule ƙarfe da ita da iska: tana barin ɓawo mai cike da kabon, dole a goge shi da garanda har a ga farin ƙarfe kafin a ɗora walda. Ka tambayi mai waldarku da me ya buɗe tsagar bara. Shi mai zubi, in don ta shi ne, ya fi son kabon da ɗan dama, don yana sa ruwan ƙarfe ya fi gudu ya cika siraran wurare kamar fukafukan farfela. Mai ƙarancin kabon sai an ƙara masa zafi, kuma ya fi saurin yin kumfa da datti.

Kada ka fita daga nan da tunanin kabon abokin gaba ne ko'ina. Ƙarfen da Harry Brearley ya narka a Shefil ta Ingila a 1913, wanda ake yawan kafa tarihin ƙarfe marar tsatsa da shi, yana da kuromiyam wajen 12.8 da kabon 0.24, kuma wuƙaƙe aka fara yi da shi. Kabon ne ke ba shi kaifi, kamar yadda maƙeri ke gasa wuƙa ya tsoma a ruwa ta yi tauri. Jikokinsa a zubi su ne dangin CA. CA15 mai kabon har 0.15 yana kai megafaskal 620, CA40 mai 0.20 zuwa 0.40 yana kai 690 kuma ya fi jure gogayya, amma ya fi gautsi, waldarsa sai da gashi kafin da bayan, kuma da yake kuromiyam ɗin dangin bai wuce 14 ba, duk abin da kabon ya ɗaure ana jin rashinsa. Da aka so ƙarfi tare da sauƙin walda, sai aka sauke kabon zuwa 0.06 aka shigo da nikel wajen kashi 4, aka sami CA6NM, mai 755, wanda ya zama ruwan dare a farfelar injunan wutar lantarki na madatsun ruwa, inda ake yawan cike zaizaya da walda.

A wuta kuwa, lissafin juyewa yake yi gaba ɗaya. Ƙarfen da ke ɗauke da nauyi a cikin tsananin zafi yakan riƙa miƙewa sannu a hankali har ya tsinke, ko da nauyin bai kai wanda zai lanƙwasa shi a sanyi ba. Abin da ke tare wannan miƙewa kabaid ne, shi ɗin dai da ya cinye gangarka, yana zama kamar turaku a tsakanin ƙwayoyi. HK40 yana da kuromiyam 25, nikel 20, kabon 0.35 zuwa 0.45, ninki biyar na iyakar CF8M. Da shi da magajinsa HP mai nikel 35 ake zuba bututun tanderun da ke fasa iskar gas a masana'antun takin zamani, irin waɗanda ke Eleme da Lekki, bututun da ke aiki a wajen digiri 900, ana tsara su su yi awa 100,000, sama da shekara 11. Yawan kabon ɗinsu ya sa murza su ke da wuya, sai dai a zuba su a mazubi mai juyawa. Farantan da ke bakin tanderun siminti ma daga dangin H suke. Can babu ruwan tsami, kuma zafin ya isa tirelar nan ta kuromiyam ta iso ta cike gurbi. Kuɗin da ake biya shi ne, bayan shekaru a wuta, in sun huce gautsi gare su kamar tangaran, walda a kansu sai gwani. Ko a dangin CF ma, ƙa'idar bawul ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ASME B16.34, ta tsayar da CF3M a digiri 455, kuma ta ce in za a wuce 538 da CF8M, kabon ɗinsa kada ya gaza 0.04. Ka ga inda ƙarancin kabon ya zama aibi.

Mu dawo kan famfonka. Tsakanin biyun da aka kawo maka, CF3M za ka ɗauka, ba ni da ko shakka, tunda ruwan tsami ne kuma kun saba gyara da walda a gida. Amma akwai abin da ya dame ni a tambayarka. Ruwan da ake tsuma fata kafin jima gishiri ne mai yawa da asid, kuma gishiri yana da tasa ɓarnar da ba ruwanta da kabon: yana huda ƙananan ramuka kamar cin gara, yana kuma ci a ƙarƙashin gasket da duk inda ruwa ke kwanciya. A nan CF3M da CF8M mai kyakkyawan gashi kusan jirgi ɗaya ya ɗebo su, abin da ke taimako kuromiyam ne da molibdinam da naitirojin. Ka haska cikin tsohuwar gangar da tocila, nesa da waldar. In ka ga fes, to kabon ne kaɗai matsalarka. In ka ga ramuka kamar an yi mata saƙi da allura, to ka tambayi farashin CD3MN, ɗan'uwan 2205 a zube, ƙarfen da ya fi jure gishiri, wanda shi ma kabon ɗinsa 0.03 ne, ko ma famfo mai rufin roba a ciki, wanda sau da yawa ya fi dacewa da irin wannan ruwa kuma ya fi sauƙi.

In za ka yi oda, kada ka tsaya a kan suna. Ka rubuta A744 CF3M, ko A351 in kayan matsi ne, ka nemi takardar shaida ta 3.1, wadda gidan zubi ke bayarwa kan gwajin narkin kayanka, mai ɗauke da ainihin adadin kabon da bayanin gashi, ka kuma tabbatar lambar narkin da ke takardar ita ce a jikin gangar. Ka sa sharaɗin cewa duk waldar cike rami da aka yi a gidan zubi, kafin gashin ƙarshe aka yi ta. In kayan masu tsada ne, ka nemi gwajin A262, wanda ake dafa guntun ƙarfen a ruwan asid da sinadarin tagulla sannan a lanƙwasa a ga ko zai tsage. Sannan ka yi hattara da 'yar bindigar gwajin ƙarfe mai aiki da hasken eksire da dillalai ke yawo da ita. Tana ganin kuromiyam, nikel da molibdinam, amma ba ta ganin kabon sam, in ta rubuta 316 ba ta san ko 3 ne ko 8 ba. Kabon sai na'urar tartsatsi, ko ta leza da aka yi don haka, ko a ƙona ɓarɓashin ƙarfen a ɗakin gwaji.

Tsohuwar gangar kuma, kada ku sake ɗora walda a kan wurin da ya marmashe, ba abin da za ta kama, kuma za ta buɗe sabon layi a gefenta. In dole ne ta riƙe ku kafin sabuwa ta iso, a goge har a wuce duk inda ya ci a isa lafiyayyen ƙarfe, a yi walda da siririyar sandar 316L da ƙaramar wuta, gajerun layuka, ana bari wurin ya huce ƙasa da digiri 150 kafin a ɗora na gaba, ba gashi kafin, ba gashi bayan. In akwai inda za ku sami tanderun da ke kai 1050 da kwatamin ruwa a kusa da shi, a gasa ta gaba ɗaya a tsunduma, sannan a sake duba fuskokinta a lata, don takan ɗan karkace.